Darasin Makero a Kaina

Jiya ɗiyata ta kawo aikin makaranta kan cututtukan fata, sai na tuna marigayi malaminmu na kimiyya a Tambuwal. Ba ya zane a allo, ya fi son misali mai rai. Ranar darasin makero ya kira ni gaban aji, ya fizge hulata, ya danƙwafar da kaina da yatsunsa masu warin goro.

"Ku matso ku gani," in ji shi. "Wanga shi na makero. Ƙazantar ƙauye ka kawo shi."

Har muka gama makarantar, ba wanda ya ƙara zama benci ɗaya da ni.

Allah Ya gafarta masa, ni kuma Ya ba ni ikon yafe masa, don har yau na kasa.