Kwamfutar Gidana Ta Tafi Gayya

Karatun bokona bai wuce firamare ba, amma a gidana na Kebbe an taɓa yin binciken kimiyya, kuma da wutata aka yi shi.

Ɗiyata malamar makaranta ce a Tambuwal. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nike ce mata. Da ta sayi sabuwar kwamfuta sai ta ɗauko tsohuwar bisa babur ta kawo mani, saboda ina da sola. Ta ce akwai masana da ke neman maganin ciwon daji, lissafin ya fi ƙarfin injinansu, sai suka yanyanka shi suna raba wa duk mai kwamfutar da ke zaune banza.

Na ce, "Ashe gayya ce."

"Gayya ce, Baba."

"To wa ka kawo fura?"

"Babu fura."

"Makaɗi fa?"

Ta ce babu. Na ce lallai masanan ga ba su taɓa kiran gayya ba. Ban ƙara ba, don ciwon ne ya ɗauke uwarta, kuma na ga yadda taka goge allon da bakin gyalenta.

Kowace Asabar takan zo ta haɗa kwamfutar da wayarta, ta aika aikin da aka gama, ta karɓo sabo. Ni nawa in bar ta a kunne.

Sai bazara ta shigo. Batirin solar ya tsufa, ba ya ɗaukar fanka da kwamfuta tare. Na taɓa cikin kwamfutar na ji zafi rau, tana huci. Duk wanda ya yi huɗa da shanu ya san ba a barin sa cikin garma da tsakar rana. Saboda tausayi, da hantsi ya ɗaga sai in kashe ta, in rufe ta da zane, in kunna fanka. In an yi la'asar wani lokaci in tuna da ita.

Ran Asabar Uwata ta duba, ta juyo gare ni.

"Baba, rabonmu bai ƙare ba. Lokacinsa ya wuce."

"Sai a yi mi?"

"Sai a ba wani ya yi."

"Wane wani?"

"Ko wa. Wata ƙila wani can ƙasar Sin."

Na yi gayya tun ina saurayi, daga Kebbe har Jabo. An sha riga ni kai ƙarshen gona, amma ba a taɓa juyowa aka nome mani layina ba. Wanda aka yi wa haka, har ya tsufa ana tuna mashi a wurin suna. Yanzu ga wani mutum da ban san ubansa ba ya ƙarasa aikin gidana, wata ƙila ma yana shan shayi.

Na ce, "Shi mutumen ya san gidan wa ne?"

"Bai sani ba."

"Ni na sani."

Na sa aka ɗora kwamfutar bisa bulo biyu kusa da randa, inda iska ke ratsawa. Fanka na naɗe igiyarta na ɗora bisa kabad. Sauran bazarar a gindin dogon yaro na yi ta, da mahuci a hannu, maƙwabta na tambaya ko solar ta lalace. Nikan ce a'a, tana wurin aiki.

Maganin dai har yau ban ji an samu ba. Asabar ta gaba Uwata ta duba, ta ce rabonmu ya tafi cikakke. Ta karɓo wani.