Ƙaramin Rumbun Babana

Ban taɓa jin kakata Inna Dije ta kira sunan babana yana raye ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mace ce mai riƙon kunya irin ta mutanen da. In za ta ba shi tuwo sai ta ce a miƙa wa "wancan". Ni da ƙuruciya ban san al'ada ba ce. Na ɗauka ba ta ƙaunarsa, abin kuma yana ci mini rai ƙwarai.

Ƙauyenmu a bakin kogin Kwara yake, yamma da Bagudo, ba nisa da inda Turawa suka tara duwatsu suka ce daga nan ƙasar Faransa ta fara. Da an idar da magariba sai mu yara mu kewaye wutar bandar kifi. Inna tana juya kifi tana ba mu tatsuniya, Baba yana gefe yana gyaran taru. Akwai wadda ta fi so, ta wani wawan mai fito.

Wai wata rana wani mutumin Dendi ya gudo daga aikin tilas na Faransa. Mai fito ya haye da shi. Baƙon ya bar masa ajiyar ƙwarya ɗaya ta irin jar shinkafa, ya ce zai dawo in ƙasa ta lafa. Shekara ta zagayo shiru. Mai fito ya ga iri zai mutu in ya daɗe a ajiye, sai ya ware wani yanki a fadamarsa ya shuka, ya girbe, ya gina wa shinkafar rumbunta daban. Haka yake yi duk damina. Da fara ta cinye gonaki, iyalinsa suka koma cin tafasa, rumbun baƙo kuwa yana nan a liƙe.

"To wawan ga," in ji Inna, tana nuna mu da tsinken kifi, "har yau yana nan yana ma wani noma, ko sunan garinsu bai sani ba."

Sai yara su fashe da dariya, don kowa ya san ƙaramin rumbun da ke bayan gidanmu. Baba yakan yi murmushi kawai, ba ya ko ɗaga kai. Ni ce ba na dariya. Mutumin da in ya kai kifi kasuwar Kamba yake gaya wa mai saye wannan na jiya ne, shi za a mayar abin ba'a? Ran nan na kasa haƙuri na tambaye ta dalili. Ta dungure mini kai, ta ce tatsuniyarta ce, in ban so in tafi in kwanta.

Zazzaɓi ne ya ɗauke Baba a ƙarshen wata damina. Bayan sadakar bakwai, baffannina suka fara maganar a fasa rumbun a haɗa da gado, tunda mai shi ba zai dawo ba. Da magariba Inna ta hura wuta, alhali babu kifin da za a banda. Ta aika aka kira su, manya da su, suka zauna cikinmu. Ta ba da tatsuniyar daga farko har ƙarshe, ba wanda ya yi dariya. Da ta zo wurin da takan ce wawa, sai ta kalli wutar.

"Mai hiton ga, Ummaru sunanai," ta ce. "Ni na haihe shi."

Babu wanda ya sake tayar da maganar rumbu. Da ruwa ya sauka, ita da kanta ta kai mu fadama muka shuka irin baƙon.

Mutumin Dendi bai taɓa dawowa ba. Yanzu na tsufa, ni ma ina da ɗan fari da ba na iya kama sunansa, kuma sai da na haife shi na gane abin da Inna take yi. Shekara da shekaru tana yabon ɗanta a gaban jikokinta, ta hanya ɗaya tilo da kunya ta bar mata. Na yi ta jin haushi a madadin Baba, ashe shi tuntuni ya sani, shi ya sa yake murmushi a kan tarunsa.