Jirgin Pandu da Aka Ja Zuwa Tudu

Allah ya jiƙan Pandu Vuai, ya sanyaya makwancinsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, in yana dariya har kafaɗunsa rawa suke yi, hannuwansa kuma kullum da ƙarnin man kifi. Gyaran jiragen masunta ne sana'arsa. In ruwa ya janye, jirage suka kwanta a yashi, shi ke bin su da guduma yana cusa auduga a tsagar katako. A duk gaɓar nan tamu ta gabashin Zanzibar babu jirgin da bai san hannunsa ba, amma ko ɗaya ba nasa ba ne. Abin da ke ci masa rai ke nan tun yana saurayi.

Shi ya sa ya fara sassaƙa nasa a bakin gaɓa, inda ruwa ba ya kaiwa. Yau katako, gobe 'yan ƙusoshi. In muka zauna shan shayi da yamma, ba shi da hira sai ta ranar da za a tura jirgin nan ruwa, ya tafi can inda manyan kifaye suke. Har inda zai zauna ya riƙe akalar jirgin yakan kwatanta mana, yana murza kofin shayinsa hagu da dama.

Matarsa Mboja noman ciyawar teku take yi, kamar sauran mata. In wata ya tsaya, ko ya cika, ruwa kan janye nesa tun daga hantsi har azahar, mata su bi shi da igiya da buhuna, su yini a sunkuye cikin ruwa. Ba a zuwa da goyo. Don haka a irin kwanakin nan babbar 'ya ce ke fashin makaranta ta yi reno. Haka muka tashi muka tarar, ba wanda ya taɓa ganin laifin abin.

Babbar 'yar Pandu ita ce Tatu. Yarinyar nan tana son makaranta kamar me. Da yamma takan bi uban tana karanta masa sunayen da aka rubuta a jikin jirage, shi kuwa yana washe baki yana kallon mutane ko sun ji. Wata rana ta dawo idanu jawur. Malamarsu ta ce wadda rabin wata ba ta aji ba za ta iya wucewa gaba ba. Mboja ta ce ita ma abin na damunta, amma in ta zauna a gida me za a ci, in kuma ta shiga ruwa wa zai riƙe Kombo, ƙanen Tatu da ya fara rarrafe?

Washegari aka ga Pandu ya fito da jakar kayan aiki a kafaɗa ɗaya, Kombo a ɗaya. Tatu ta wuce makaranta da gudu, ko waiwaye babu.

Ranar ya sha wuya. Ya ajiye yaron a inuwa, kafin ya juya Kombo ya cika baki da yashi. Ya goge masa, yaro ya nufi gizago. Ya ɗauke gizago, yaro ya miƙe hanyar wani kududdufi. Da abin ya ishe shi sai ya sure shi ya saka a cikin jirgin nan da bai gama ba. Sai shiru. Ya leƙa, ya ga Kombo zaune daram a tsakiya, yana buga ɓawon kwakwa a katako, bangon jirgi ya fi ƙarfinsa ta ko'ina. Pandu ya daki cinya don murna, ya kira duk wanda ke kusa ya zo ya gani.

Masunta kuwa suka sami abin yi. Mcha, wanda suka tashi tare tun suna yara, shi ne kan gaba. Ya tsaya da raga a kafaɗa ya ce, “Inna Pandu, an tashi lafiya? Nonon ya kawo kuwa?”

“Ya kawo, Mcha. Matso ka sha, ko ka yi ɗan kumari.”

Ba a rufa mako ba sai ga maƙwabciyarsu Mwanaidi da 'yarta a hannu, tana sunkuyar da kai. “Baban Tatu, jirgin naka da wurin fasinja ɗaya?” Ya ce a shigo da ita. Daga ita sai wata, sai wata. Kafin watan ya sake cika, jirgi ya cika. Ya yi masa rumfa da ganyen kwakwa, ya shimfiɗa tabarmi. Mata kan bar kunu da dafaffen rogo su wuce. Ya koyi wanke kashi, ya koyi rabe kukan yunwa da na barci, ya san wanda ke cizo da wadda ba ta barci sai an shafa mata kunne. Da azahar in matan suka fito daga ruwa, shi ke tarar su da labari, wane ya miƙe tsaye yau, wance ta fitar da haƙori, kamar shi ya haife su duka.

Abin ya taɓa sana'arsa, ba a ɓoye ba. Ba ya iya nisa, sai wanda ya yarda ya jawo jirginsa kusa, wasu kuwa suka koma wajen wani. Nasa jirgin ma ya daina sauri, don in yara suka yi barci ba ya yarda a buga ko ƙusa. Haka shekaru suka tafi. Kombo ya girma ya fita, ƙanwarsa Miza ta shiga. 'Yan matan ƙauye suka riƙa zuwa makaranta kullum, Tatu ta kai ajin ƙarshe, jarrabawa na gabanta.

A shekarar ne jirgi ya kammala. Aka sa ranar tura shi ta dace da cikar wata, don ruwa ya hau sosai bayan la'asar. Aka yanka akuya, aka ɗora shinkafa da kwakwa, aka kira makaɗa da liman. Tun jajibere aka cire rumfa, aka shafe jirgi da mai, aka jera gumaguman kwakwa daga gindinsa har bakin ruwa. Pandu ya kasa zama wuri ɗaya. Ya sa sabuwar hula, ya cire, ya sake sawa.

Da hantsi ruwa ya janye kamar kullum, mata suka bi shi. Yana cikin gwada igiya sai ya ɗaga kai ya hango 'yan mata a kan yashi, kowace da goyo, babu mai kayan makaranta. Tatu na cikinsu, Miza a bayanta. Ta so ta ɓuya, ya kira ta. Ta yi masa murmushi ta ce, “Baba, ba komai, na yau ne kawai.” Ya san ba na yau ba ne. Gobe ma ruwa zai janye, jibi ma, shi kuwa yana can tsakiyar teku.

Da Mboja ta fito da buhu a ka, ya tare ta ya faɗa mata abin da ke ransa. Ta sauke buhun, ta daɗe tana kallon jirgin, ta tuna masa cewa gumin nomanta ma yana cikin ƙusoshin nan. Sannan ta ce, “Baban Tatu, kai ka sani. Amma in ka fasa, kada in ji kana min ajiyar zuciya duk sanda jirgin wani ya wuce.”

Bayan la'asar ruwa ya cika maƙil, gari ya taru, makaɗa suka fara. Maza suka kama igiya suka fuskanci teku. Sai Pandu ya kwance ta daga goshin jirgi, ya zagaya ya ɗaura a baya, ya nuna babbar darbejiyar da ke bakin gari. “Can za mu,” in ji shi.

Mcha ya saki baki. “Abokina, rana ce ta taɓa ka? Teku fa ga ta nan.”

“Na gan ta. Fasinjojina ba su iya ruwa ba.”

Mwanaidi ce ta fara ganewa. Ta rangaɗa guɗa, ta ɗaure zane a ƙugu ta cafki igiya, mata suka biyo ta rututu, 'yan matan nan da goyonsu suka shiga. Maza suka tsaya suna kallon juna, har Mcha ya jefar da hularsa ya ce ba za a ce mata sun ja jirgi suna tsaye ba. Aka kwashe gumaguman daga bakin ruwa aka mayar da su ta wajen tudu. Kiɗa ya canja. Jirgi ya yi ƙara, ya motsa, ya fara hawa. Yashi na zamewa, mutane na faɗuwa suna tashi da dariya, Pandu na gaba yana ba da waƙa, gumi da hawaye sun haɗu a fuskarsa. Da jirgi ya zauna a inuwa, liman ya ɗaga hannu ya yi addu'ar da ake yi wa kowane sabon jirgi, Allah ya tsare na cikinsa, ya mai da su ga iyayensu lafiya. Ban taɓa jin amin mai ƙarfin ta ranar ba.

Tatu ta ci jarrabawarta. Yau ita ce ungozoma a asibitin gunduma. Pandu kuwa ya ƙare rayuwarsa yana gyaran jiragen mutane. Ya cika wa Mboja alkawari, bai taɓa ajiyar zuciya a gabanta ba. Amma in muna shayi jirgi ya gifta can nesa, yakan bi shi da ido har ya ɓace, sannan ya ce a ƙara masa sukari.

Daminar da ta wuce ya kwanta, ciwon bai ja ba. Ranar jana'iza samarin da suka yi rarrafe a jirgin nan suka yi ta rububin makara, har da ƙyar mu tsofaffin abokansa muka sami wurin sa kafaɗa.

Bayan addu'ar bakwai, wata ya sake cika, ruwa ya janye. Mata suka taho da 'ya'yansu, suna tafe suna jan ƙafa, ba su san abin da za su tarar ba. Suka iske an share jirgi, an shimfiɗa tabarmi. Mcha ne zaune a gindin darbejiya, gemu fari fat, ya miƙo hannu biyu yana jiran a ba shi yaro. Wata ta gaishe shi da Inna Mcha. Ya ce ta rage murya, akwai fasinja ɗaya da ya riga ya yi barci.