Ƙofar da Aka Rufe Bayan Malam Saminu

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Mayun 2025, ina cikin aji a Shagari aka kira ni daga Boɗinga cewa ka cika, Malam Saminu, bayan zazzaɓin da duk muka ɗauka mai wucewa ne. Kafin in sami mota in iso, har an kai ka makwanci.

Wanda bai san ka ba zai ce malamin kwamfuta ne ya rasu. Mu malaman ƙauye mun san abin da ya same mu. Kai ka haɗa mana shafin intanet ɗin da muke shiga ta waya, mu nemo littattafan wani babban laburare na nesa, mu karanta daga inda muke. Su can ba sa buɗe wa kowa haka nan. Sai da ka yi ta naci suka ba shafinka makullin sirri, wanda da shi na'urarsu ke gane mu. Kai kuma ka yanka wa kowannenmu suna da kalmar shiga.

Ranar da na sa sunan garinmu a matsayin tawa kalmar, dariya ka yi har da riƙe ciki. Ka ce, "Haba Malam Hamisu, ai ko awakin Horo Birni sun san wagga kalma!" Ba ka bar ni na tashi ba sai da na sauya ta. Haka ka hau babur cikin taɓo har Kajiji don ka saita wa Malama Ramlatu wayarta, ma'aikaciyar jinyar nan da ke karatu daga nesa. An ɗaga mata ƙafa sau ɗaya kan bincikenta na kammalawa, an kuma gaya mata ba za a sake ba.

Makullin nan yana da wa'adi. In ya ƙare sai an sabunta, lambar tantancewa kuma wayarka kaɗai take zuwa. Kakan ce bari damina ta wuce ka ƙara mutum na biyu da zai iya sabuntawa. Ko shuka ba a yi ba ka tafi.

Bayan sadakar uku, yayanka Sodangi ya yi abin da ake yi wa mamacin da ake ƙauna. Ya kai wayarka wurin mai gyara a kasuwa, aka rufe imel ɗinka da duk shafukanka na sada zumunta, aka goge ta, aka karya layin, don kada wani hoto ko wata hira ta bi ka da nauyi. Da murnarsa ya tare ni: "Na wanke mai ita tas, Malam. Ba abin da za a tambaye shi kabari."

Wa'adin ya cika. Shafin littattafan yana buɗewa, gaisuwar da ka rubuta a samansa tana nan, amma da an nemi littafi sai ya ce ba a gane mu ba. Na rubuta wa mutanen laburaren. Sun yi mana ta'aziyya mai kyau, suka ce mai asusun kaɗai ke iya sabuntawa, sabuwar rajista kuwa an rufe ta bana. Ban ga laifinsu ba. Na nemi wanda zai iya aikinka daga Boɗinga har Shagari, wallahi babu. Malama Ramlatu ta daina kirana tana tambaya. Ranar miƙa bincikenta ta zo ta wuce, rabinsa ne a hannunta.

Na so in ɓoye wa Sodangi, amma shi ya tambaye ni ko har yanzu jama'a na amfana da aikinka, don liman ya ce masa sadaka ce mai gudana. Na gaya masa gaskiya. Sai ya ce, "Ke nan ni na yanke mai lada da hannuna?"

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna Shatu, da maiɗakinka Khadija, da 'ya'yanka, da Sodangi, wanda ƙauna ce ta sa shi. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Ya Allah, mu dai an rufe mana. Shi kuwa Ka ci gaba da rubuta masa lada kamar ƙofar tana buɗe. Amin.