Turken Kaka

Jiya a Farin Gada na ga akuya ɗaure kusa da buhunan kabeji, sai Kaka ta faɗo mini a rai. Shekara biyu ke nan da sankara ta raba mu.

A gidanmu na Anguwan Rogo, kullum da safe takan kafa turke inda ciyawa take, ta auna igiya da kamu, ta ce wa akuyarta, "Ci naki, ki bar na mutane."

Wata rana ta dawo daga asibiti tana rawar sanyi, ɗakin na ƙamshin man zafi. Ta ce, "Ke 'yar littafi, me kike karantawa ne haka?"

Na sunkuyar da kai na yi bayani. Akwai sinadarin da ke zuga sojojin jiki su yaƙi sankara, amma idan aka sake shi cikin jini sai ya bi ko'ina, ya jawo zazzaɓi, ya taɓa hanta. Shi ya sa masana ke ɗaure shi a fatar ƙwayar halitta, ya yi aiki a wurin ciwon kawai.

Ta yi dariya har da tari. "Duk wannan Turancin, ashe turke ne."

Gobe zan kare aikina gaban malamai. Ni da murya kan maƙale mini a aji, wannan karon na san kalmar da zan fara da ita.

Allah Ya jiƙan ki, Kaka. Ya sa maganin ya riski masu jiran sa.