Zabbin Rigar Habsu

Cikin duk ranakun da na yi a bakin aiki, wadda ta ƙi fita daga kaina ita ce ranar da Inna Tsahara ta zo duba rigar surukarta. Ku da kuke koyar da ɗinki yanzu kun sha jin ina tambayar mace kafin in sa almakashi, "Wa kike so ya gani?" har wasunku suna kwaikwayona in na ba da baya. Ina jin ku sarai, kunnena bai tsufa ba. To, yau ga inda tambayar ta samo asali.

A shekarar 1964 aka turo ni Tawa daga Damagaram, da ƙuruciyata da rawar kaina, a matsayin monitiris, wato mai koyarwa a ƙarƙashin shugaba, a gidan koya wa mata sana'a da ake kira fuwaye. Shugabarmu 'yar Yamai ce, Madam kowa ke ce mata, mace mai tsare gida a wurin aiki amma mai saurin dariya in ta manta da kanta. Kayan aikinmu ɗaki ɗaya ne, da dogon tebur, da kekunan ɗinki biyu na hannu, da wani madubi mai tsawon mutum wanda babu irinsa a duk unguwar. A wancan zamani ɗinkin keke aikin maza ne. Mace ta aika da yadinta kasuwa, tela ya kintaci jikinta bai ko gan ta ba, ya ɗinko abin da ya ga dama, ta sa haka nan ta gode. Mu aikinmu shi ne mace ta iya ɗinka wa kanta.

Da takardar yanka muke koyarwa. Takarda ce da aka yanke da siffar kowane ɓangare na riga, gaba daban, baya daban, hannu daban. A shimfiɗa ta a kan yadi, a kafe da allurai masu kai, a zagaye da alli, a bar faɗin yatsa saboda ɗinki, sannan a yanka. Daga Faransa suke zuwa, marasa kauri kamar ɓawon albasa, don haka sai mu kwafe su a takardar buhun siminti, mu kuma ƙara musu faɗi, domin matan da aka auna aka yi su da alama ba su taɓa cin tuwo ba. A tsakiyar kowace takarda akwai kibiya, dokarta kuwa ɗaya ce: ta bi zaren yadi a miƙe, kada ta karkace. Ku riƙe wannan a ranku: kibiyar nan kai biyu gare ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Ɗalibai suna fara koyo da akoko, wanda ba shi da zane ba shi da tsada. In hannu ya faɗa, kowace ta kawo atamfarta ta ɗinka riga, a gayyato 'yan uwa ranar rufe aji su gani. Makon kawo atamfa kuwa biki ne. Wata ta zo da mai kifaye, wata mai laima, wata mai agogo, wata mai idanu manya-manya da ke bin mutum da kallo har ƙofa. Ɗakin ya kaure da guɗa da tsiya, Madam na buga tebur ba mai jin ta.

Habsu ce ta zo a ƙarshe. 'Yar Bambeye ce da aure ya kawo Tawa, ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma hannunta a kan keke ya fi na kowa natsuwa, ga ta da son ɗinkin kamar ta haɗiye keken. Mijinta Illa ya tafi ci-rani Abijan kamar yawancin samarin Adar, damina ta zo bai dawo ba, wata ma ta zo shiru. Abin da ya iso gida daga gare shi turmin atamfa ne guda, ta hannun wani abokin tafiyarsa: shuɗiya, da zabbi farare masu ɗige-ɗige a jere, kowane ya miƙa wuya yana tafiya. Uwarsa, Inna Tsahara, ta karɓa ta sa a kwalla ta rufe.

Da ƙyar Habsu ta samo falle ɗaya, shi ma sai da na je gidan da kaina na durƙusa na gaishe da Inna. Tsohuwa ce doguwa, siririya, mai kallon mutum tun daga ƙafa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malama, ni ban ga abin da mace ka nema ga keken maza ba. Amma tunda kin taka kin zo, ga halle guda. In ta ɓata shi, ta gama lakwal ɗinku, ta zamna gida ta kama daka. Kin jiya?" Na ce na ji, Inna. A raina ina cewa Habsu ce fa, me zai ɓaci?

Bayan rigar da hannuwa a gabana ta yanka su, lafiya lau. Ana cikin haka zare ya cukurkuɗe a ɗaya keken, mai ɗinkin ta fara kururuwa kamar an kama ta da sata, na tafi kwancewa. Da na dawo na tarar Habsu ta yanke gaban rigar, yanka mai kyau, wuya ya fita sumul. Ta ɗaga mini shi tana murmushi. Na duba. Zabbin nan kaf kansu ƙasa, ƙafafu sama.

Na ce, "Habsu, me kika yi haka?"

Ta ce, "Kibiya na bi, Malama, ba ta karkace ba."

Gaskiyarta, ba ta karkace ba. Na ce to me ya sa ta juya yadin. Ta ce, "Ai sai da na gwada. Na ɗora shi bisa ƙirjina, na duba ƙasa, sai na ga zabbin kansu ƙasa. Shi ne na juya shi sunka miƙe."

Sai a lokacin na gane. A gidajen nan babu madubin da ya wuce tafin hannu, na sa kwalli. Duk tufafin da mace ta taɓa sawa, daga sama take ganinsa, ta sunkuyar da kai ta duba jikinta. Na ja ta gaban babban madubi, na riƙa mata yadin a ƙirji. Ta duba, ta sake dubawa, murmushin ya tafi. Ba ta yi kuka ba, zama kawai ta yi a ƙasa ta dafe kai, ni ce ma na ji hawaye na neman zubo mini.

Madam ta zo ta juya ƙyallen ta kowace fuska. An riga an fitar da wuya da hammata, ba ya juyuwa, abin da ya rage a fallen kuma bai kai tafin hannu biyu ba. Ta ce, "Malama, a takardar jarrabawa wannan kuskure ne, ba ni da yadda zan yi." Washegari na zagaye kasuwa rumfa-rumfa. Wani ɗan Maraɗi ya zazzage mini kayansa duka, akwai kaji, akwai tantabaru, har jimina ya fito da ita yana rantsuwa ƙanwar zabuwa ce, amma zabbin Illa babu.

Ɗalibai kowa da dabararta. Wata ta ce a ɗora leshi a rufe, wata ta ce ta yafa mayafi ta ce sanyi take ji, a tsakiyar bazarar Tawa. Habsu ta girgiza kai. Ta ce, "Inna ba a yi mata rufa-rufa. In ɗumke ta dai da kyau. In wagga ce rigata ta ƙarshe ga keke, to ta zam mai kyau." Haka ta yi. Ta bi kowane ɗinki sau biyu, ta kalmashe bakin wuya da hannu, ƙanana-ƙananan ɗinki kamar tafiyar tururuwa.

Ranar rufe aji aka shimfiɗa tabarmi a inuwar bishiyar bedi, iyaye da surukai da maƙwabta suka cika wurin, aka dama fura. Ɗalibai suna fitowa ɗaya bayan ɗaya ana guɗa. Mai kifaye ta yi juyi har kallabinta ya faɗi. Ni dai idona na kan Inna Tsahara, wadda ta zauna a gaba ta miƙe ƙafa, ko furar ba ta taɓa ba.

Habsu ta fito ta durƙusa a gabanta. Inna ba ta fara da zane ba. Ta kama hammata ta ja da ƙarfi, ɗinki bai motsa ba. Ta juya bakin hannu ta duba ciki, ta kai shi kusa da ido, ta ce "Hmm." Ta sa ta juya baya, zabbi na tafiyarsu lafiya. Sannan ta ce ta miƙe ta fuskance ta.

"Ke Habsu," in ji Inna, "zabbin ga kasuwa za a kai su, da anka riƙo su ta ƙahwahu?"

Wata tsohuwa a baya ta tuntsire da dariya, aka zungure ta. Na matso zan yi bayanin kibiya mai kai biyu, Inna ta ɗaga mini hannu. "Malama, ba ke na tambaya ba."

Habsu, kanta a sunkuye, ta faɗi abin da ta faɗa mini: ta ɗora a ƙirji, ta duba, ta juya don su miƙe. Inna ta dubi zabbin. Can ta ce, "Tuɓe ki ba ni." Muka dubi juna ni da Madam, na ce a raina shi ke nan, ƙwacewa za ta yi. Habsu ta shiga ɗaki ta sauya, ta kawo rigar da hannu biyu.

Sai tsohuwar nan, wadda ban taɓa ganinta da riga ba sai zane da mayafi, ta zura kai a wuyan rigar, a gaban kowa. Hannu ɗaya ya maƙale, ni na taimaka mata. Na ce ko za ta shiga ta duba a madubi. Ta ce, "Mi zan yi da madubi, ina da idona?" Ta sunkuyar da kai ta dubi ƙirjinta. Ta daɗe a haka. Na ga ta kai yatsa tana shafa wuyan wani zabo a hankali.

"Ga su tsaye," ta ce, muryarta ta sauya. "Suna kiwonsu."

Kun san al'ada. Illa ɗan fari ne, uwarsa ba ta kama sunansa, matarsa ma ba ta kamawa. A gidan nan mata biyu suna kwana suna tashi da kewar mutum ɗaya, ba wadda kunya ta bari ta ce wa ɗaya uffan. Inna ta ɗago, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Tun randa anka kawo zanen ga, kullum sai na buɗe kwalla na dube shi, in maida in ruhe. Ashe ana iya sa shi ga jiki a wuni ana kallo." Ta juya wajen masu dariya. "Wanda ya aiko shi, ku ya aiko ma? Ku gan su kai ƙasa, mu muna ganinsu daidai."

Guɗar da aka yi ranar, na tabbata an ji ta har kasuwar dabbobi. Madam ta juya baya wai tana gyara takardu, kafaɗunta na rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka. Ni kam duka biyun na yi, ban ɓoye ba.

Rigima ɗaya ta rage: Inna ta ƙi tuɓe rigar. Da ita ta tafi gida. Ranar Litinin sai ga ta a ƙofar fuwaye da sauran turmin a kai, Habsu na bin ta a baya tana ƙunshe dariya. Ta dire shi a tebur, ta dafa rigar jikinta ta ce wa Habsu, "Wagga tawa ce, ta zamna mini. Ki ɗumka taki. Kuma kada Malama ta sa ki gyara, yadda kinka yi na hwari haka za ki yi." Ta samu benci ta zauna tana tsaron yankan, ta kuma zama 'yar kallo ta kullum, mai gyara wa kowa zama.

A takardar jarrabawa Madam ta rage wa Habsu maki, domin doka doka ce, kuma daga ranar muka riƙa zana ɗan kan mutum a saman kowace takardar yanka don a san ina ne sama. Amma kafin damina mata sun fara zuwa suna cewa a yi musu ɗinkin Habsu. Illa kuwa da Allah ya dawo da shi, ya tarar da uwarsa da matarsa a ƙofar gida da zabbinsa kai ƙasa, sai ya zo har fuwaye ya tambaye ni cikin ladabi ko haka ake yayi yanzu a Faransa. Na ce masa a'a, yayin gidansu ne. Habsu ta ci gaba da aji, daga baya ta zama mace ta farko da na sani da kekenta a unguwarsu.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. Takardar yanka za ta gaya muku faɗin kafaɗa da zurfin wuya, ku bi ta, kada ku raina ta. Amma ba ta san daga wace kwalla yadin ya fito ba, ba ta san wanda ya aiko shi ba. Yawancin mata za su ce muku don mutane suke so, ku yanka musu daidai. Jefi-jefi kuwa wata za ta shafa yadin, ta ce, "Ni nake so in gani." In kun ji haka kada ku tambaye ta dalili. Ku juya mata yadin.