Na Ji Muryata a Wasan Ɗana da Aka Ce An Soke

A lokacin ni mai sarin kayan yara ce a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou ina aikawa Kano. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, kuma kowa ya san ni da haƙuri. Babban ɗana ya biyo ni Guangzhou bayan ya gama karatun kwamfuta. Tun yana ƙarami yake son gem ɗin nan na da, mai kaset da ake hura wa iska kafin a saka. Da ya ga har yanzu ana ƙera irin na'urar a nan ana kaiwa ƙasashenmu, sai ya ɗaura niyyar yi mata wasan Hausa: wani farke da jakinsa, suna tsallake rafuka da kuraye zuwa Gwanja. Ƙafar jakin nan kaɗai ya zana ya goge har na gaji da kallo. Ni ya sa na yi muryar da ke fita in mai wasa ya faɗi, ina cewa ya yi haƙuri ya sake gwadawa. Ranar mun sha dariya.

Wani ɗan Maraɗi ya haɗa mu da mai masana'anta, wanda suke kira lawban. Ya zuba mana shayi, ya yaba, ya ce a bar masa aikin gaba ɗaya. Yaron ya ƙi. Ni na ja shi gefe na ce haka muke yi, ina barin samfurin riga in dawo in tarar da kaya, kada ya kunyata ni. Ya dube ni, ya miƙa. Daga nan lawban ya ce a cire kuraye, sai a rage hanya, sai a cire rubutun Hausa. Kullum ina cewa yaron ya ƙara haƙuri. Ƙarshe muka je, mutumin ko kujera bai nuna mana ba, ya ce meyo, wato babu, an soke, wai ba mai sayen wasan jaki.

Bana ina sarin fitilu a wata kasuwa a Liwan, nan Guangzhou, wani mai shago yana gwada gem, sai na ji muryata tana ba shi haƙuri. Na leƙa. Hanyar ce, rafukan ne, amma farken ya zama wani dabba mai hula. Ni da ba a jin ɗaga muryata, na yi ihu har masu gadi suka zo. Mai shagon ya zaci ciniki nake, ya ce zai rage mini.

Ɗana yanzu ɗaurin kwali yake a wurin masu shifin, masu aika kaya gida, ya daina zane. Da na gaya masa, abu ɗaya ya tambaya, ko jakin yana nan. Na ce babu. Ya ci gaba da naɗa salatif.

Wallahi har yau raina tafasa yake. Iyaye mata, in ɗanku ya ƙi sakin abin da ya yi da hannunsa, ku saurare shi, ya fi ku sanin darajarsa. Ni haƙurin da na yi ta ba nawa ɗan, shi ne ɓarayin suka bari a cikin wasan, suna sayarwa.